Wa'adin da Aka Tanada

Tsohon akawu yana ɗaure ƙafar tabaransa da zare sai 'yarsa ta faɗo ɗakin da takarda daga ofishin filaye a hannu. Tela ce, da shagonta na bakin tasha take ciyar da 'ya'ya uku.

"Baba, duba min, kaina ya ɗaure. Wai za a 'daidaita matsugunin kasuwanci bisa sabon fasali.' Gyara za su yi mana?"

Nan take ya gane. Shekara talatin ya yi a ofishin filaye yana rubuta irin wannan zance mai santsi.

"Rusau ne. Shagonki za su ture."

Ta dafe bango. Shi kuwa idonsa na ƙasan takardar, inda aka ce ana iya ƙorafi "cikin wa'adin da aka tanada." Kwana ashirin da ɗaya ke nan daga ranar sa hannu. Ya ƙirga da yatsu, yau ce ta ƙarshe. Ya san yadda ake yi: a kwantar da takarda a aljihun tebur, sai wa'adi ya zo wuya a aika. Shi ma ya sha yi, bai taɓa jin ko ɗar ba.

"Ƙarfe nawa?"

"Uku da kwata."

"Huɗu suke tashi. Miƙo biro."

A mota ya rubuta ƙorafin bisa gwiwarsa. Saura minti biyar suka isa tagar karɓar takardu, ashe matar da ke ciki shi ya koya mata aiki.

"Yallabai! Kai da kanka?" Ta karanta, ta yi murmushi. "An karɓa. Za a ba shi kulawar da ta dace."

'Yarsa ta sauke ajiyar zuciya. Shi kam tsoro ya kama shi, don shi ya koya mata wannan maganar, kuma ya san takardar da aka yi wa ita ba ta ganin hatimi. Hannun matar ya nufi aljihun tebur na ƙasa.

"Hatimi," ya ce. "Da kwanan wata. A gabana."

"Yallabai, ai kai ka ce kada mu riƙa..."

"Na san abin da na ce. 'Yata ce."

Ta dube shi, ta buga hatimin, ta ja tagar ta rufe.

Wata mai wankin kai, maƙwabciyar shagon 'yarsa, ta taso daga benci tana gyara goyo.

"Baba, ni ma kulawar da ta dace aka ce min ɗazu. Shi ke nan, in tafi gida ko?"

Ya dubi tagar da aka rufe, ya san tata takardar na kwance a aljihun tebur ba hatimi, kunya ta kama shi. A ciki ana jin ƙarar makulli.