Kwanon Yaya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma har yau idan na tuna, ba na jin komai a raina.

Yaya ne ya shigo da maganar korar Turawan mulki gidanmu. Shi da abokansa ɗalibai suke taro a ɗakin ɗinkin Inna, tsakanin keke da tarin ƙyallaye. Ni ina gefe ina yi wa tutoci kalmasa.

"Ke Sarkin Kunya, ranar fita zanga-zanga da ke za a je," in ji Yaya.

Inna ta ce, "Wannan? Ko kaza ce ta kalle ta sai ta sunkuyar da kai."

Suka tsara tafiyar: tsofaffin zawiya a gaba suna zikiri, ɗalibai a tsakiya, mu mata a baya. Idan tsofaffin suka hango sojoji sai su yi shiru, kowa ya watse. Ba wanda ya tuna cewa in zikiri ya ratsa su, rufe ido suke yi.

Ba su yi shiru ba. Muka yi ta matsawa gaba har muka ji harbi. Na dawo gida da takalmi ɗaya. Yaya bai dawo ba.

Da la'asar Gwaggo ta shigo, ta ce an kwashe wasu zuwa kurkuku, sauran kuma an ɗebe gawarwakinsu a mota.

"A kai abinci ƙofar kurkukun, a faɗi sunansa," in ji ta. "In mai gadi ya karɓi abincin ya dawo da kwano babu komai, yana ciki da ransa. In ya dawo da shi da abincin a ciki kuwa, sai haƙuri."

Inna ta ce ƙafarta ba za ta kai ta ba. Ta kalle ni.

Washegari na ɗauki kwanon, na bi layin mata. Da na iso ƙofa na faɗi sunan.

Mai gadi ya ce, "Ɗaga murya, 'yammata, ni ba surukinki ba ne."

Na sake faɗa. Ya shiga da kwanon ya daɗe, sannan ya fito ya miƙo mini kwanon a ɗaure yadda na ɗaure shi.

Na zauna a bayan wani shago da ke rufe, na cinye shinkafar tas, ban ji ɗanɗanonta ba. Na goge bakina da gyale, na kai wa Inna kwanon babu komai a ciki.