Ranar da Aka Sa wa Gambo Hula

"A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim!"

Kwanon kokon Inna Hajo ya yi gabas, ludayin ya yi yamma. Tsohuwar da kullum take kukan ciwon gwiwa sai ga ta ta miƙe zumbur ta manne da katanga, tana nuna abin da ya shigo tsakar gida yana gurnani. Tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Jikinsa manyan gwangwanayen madara ne, ƙafafunsa tayoyin keken yara, a sama kuma ɗan ƙaramin gwangwani mai ramuka biyu, da ƙwan tocila yana ci a goshi. Abin ya taho tiryan-tiryan, da ya iso gabanta sai ya ja birki, ya rusuna, ya ce "Salamu alaikum" da muryar ɗanta Gwadabe.

Gwadaben ya fito daga ɗakinsa na soro a guje, sukudireba a hannu, baki har kunne.

"Inna, ya gan ki! Wallahi ya gan ki! Kin ga yadda ya tsaya?"

"Ungo naka!" Ta watsa masa daƙuwa. "Na ga yadda ya tsaya. Ni za ka turo wa aljani da sassafe, ina karin kumallo?"

Gwadabe mai gyaran rediyo ne a bakin Kasuwar Kurmi, kuma da ya tsaya a nan da babu wanda zai ce masa kanzil. Amma ina! Shekara da shekaru yana bin bola yana tsintar injin share gilashin mota, da cikin matattun rikoda, da waya mai launi-launi. Duk unguwarsu ta Kabara ba a kiransa da komai sai Injiniyan Bola. Yara su rera masa, manya su yi masa murmushin da ake yi wa mai taɓin hankali. Matarsa Indo ta haifa masa tagwaye, shi kuwa da ya gama ƙera wannan abu sai ya raɗa masa suna Gambo, wai ai shi ke bin tagwaye. Indo ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Tafiya da rusunawa ba su ne abin alfaharinsa ba, wannan ko motar wasan yara tana yi. Kan ne. A cikin ƙaramin gwangwanin nan ya dasa wasu 'yan ƙwayoyi biyu masu jin haske. Ƙwan tocila ya haska gaba, in hasken ya bugi mutum ko bango ya dawo, sai Gambo ya san akwai abu a gabansa, ya tsaya da kansa. A kan wannan kai Gwadabe ya ƙone yatsunsa da dalma har suka daina jin zafi. Kuma yau ce ranarsa. Sojoji sun koma bariki, an rantsar da farar hula, sabon kansilan mazaɓa zai kawo ciyaman na ƙaramar hukuma bayan la'asar ya ga fasahar 'yan unguwa. Abu ɗaya Gwadabe yake so a duniya: mutanen Kabara su tsaya da idonsu su ga abin da ya ƙera yana gani, su haɗiye Injiniyan Bolarsu.

Inna Hajo ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya a zani. Wai gidan 'yarta za ta koma a Yakasai, ba ta ƙara kwana inda mala'iku ba sa shiga. Dole aka aika aka kira Malam Ilu, yayan Gwadabe, wanda ya gaji buzun mahaifinsu yana ba da karatu a zaure.

Malam Ilu ya zagaya Gambo a tsanake, hannu a baya. Da ya zo ta gaba, Gambo ya rusuna ya yi masa sallama. Saura kaɗan malamin ya amsa.

"Ikon Allah," ya ce. "Gwadabe, ba zan ce maka aljani ne ba, don na ga batirin babur a cikinsa. Amma siffa ce, ga kai ga idanu. Abin da na karanta, siffa in aka cire mata kai ta zama kamar itace, babu laifi a ajiye ta. Iyakar abin da na sani ke nan."

"Yaya Malam, ai kan shi ne aikin! Sauran duk gwangwani ne."

"To ai kan ne maganar."

Gwadabe ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa. Ya ce ta yi masa haƙuri zuwa magariba kawai, a gama taro, shi da hannunsa zai cire.

"Wato sai ka gama nuna wa duniya?" in ji Inna Hajo. "A taru a ce ɗan Malam Mika'ilu, wanda ya ja sallah a unguwar nan har ya koma ga Allah, shi ne yake ƙera gunki yana yawo da shi? In dai ni na haife ka, kuma kana neman albarkata, abin nan ba zai taka ƙofar gida da kai ba."

Maganar ta ƙare ke nan. Namiji yakan yi musu da malami, ya yi da alƙali, amma ban da wannan kalma. Gwadabe ya ja Gambo zuwa soro kamar mai jan rago ranar Layya. Ya kwance kusoshin wuya, ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin dalma ne, alhali ko wuta bai kunna ba. Ya kai kan ya ajiye a gaban uwarsa, ta sa ƙafa ta ture shi ƙarƙashin gado, sannan ta fara kwance kayanta.

Saura gangar jiki. Ba kai, Gambo ba ya sanin inda zai tsaya, in an kunna shi sai ya yi ta tafiya har ya ci karo da bango ya ci gaba da tura shi. Gwadabe ya rasa yadda zai yi, ya ɗaura siririyar igiya a makunnin baya. In an ja, Gambo ya tsaya ya rusuna ya yi magana. In an saki, ya ci gaba. Kunya ta ishe shi, don wannan ko ɗan koyo ba zai nuna shi a matsayin aiki ba.

Ana cikin haka sai ga Sule, sabon kansilan. Da can ɗan kamasho ne a tasha, tare suka yi wasan langa da Gwadabe, amma tun ranar rantsuwa ya zama Honorabul, ko matarsa ba ta isa ta ce Sule ba. Ya shigo soron da babbar riga mai sitaci tana ƙara kamar buhun siminti.

"Ina mutumin namu? Kai, ina kansa?"

Gwadabe ya ba shi labari, yana jiran ya ce an fasa. Sule ya yi dariya har da dukan cinya.

"Wannan ne ya sa ka zauna kamar an yi maka mutuwa? Haba Gwadabe, ba ka san siyasa ba." Ya tuɓe hularsa, zanna bukar sabuwa fil, ya kifa a kan dungulmin wuyan, ya ɗan karkata ta gefe. "Duba nan. Wa zai ce babu kai a ciki?"

Gaskiyar magana, hular ta zauna. Har wani kwarjini ta ƙara masa.

Sule ya ja igiyar, Gambo ya rusuna ya yi sallama. Honorabul ya yamutsa fuska.

"Salamu alaikum? Gidan makoki za mu? Kawo rikodar nan."

Ya gyara murya ya ɗauki tasa a kan ta Gwadabe: "Allah ya ja zamanin ciyaman! Sai ka yi!" Ya saurara har sau uku, kowane karo yana gyaɗa kai don jin daɗin muryarsa.

Bayan la'asar filin ƙofar gidan mai unguwa ya cika maƙil. An kafa rumfa, an jera kujerun haya, hotunan zaɓe har yanzu suna manne a katangu, ruwan sama ya wanke wa wasu rabin fuska. Ciyaman ya iso da jiniya, ko da yake lungun bai fi a tura amalanke ba. Mutum ne mai tumbi da baƙin tabarau, wanda bai cire ba har ya tafi. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, kowane mai jawabi ya zagi mulkin soja, har da waɗanda aka san da wa suke cin abinci bara.

Da aka zo kan Gambo, Gwadabe ya kunna shi ya kama igiya. Sule ya fizge.

"Kawo nan. Ni ne wakilin jama'a."

Gambo ya taho a kan tabarma, hula a karkace. Sule ya ja, ya tsaya cak a gaban ciyaman, ya rusuna.

"Allah ya ja zamanin ciyaman! Sai ka yi!"

Wuri ya kaure da tafi da guɗa. Sule ya sake ja, ya sake ja, Gambo ya yi ta faɗuwa yana tashi yana kirari. Wani tsoho mai ɗinkin hula da ke tsaye kusa da Gwadabe ya leƙa ya ce, "Af, ai ga igiya nan a bayansa, Sule ne yake ja."

"To Baba, sai me?" in ji na kusa da shi. "Cikin waɗanda ke rumfar nan wa ka gani ba shi da ita? Yi tafi kawai."

Mai hoto ya zo, Sule ya saki igiyar don ya gyara wuyan riga. Gambo kuwa ya ci gaba da tafiya, ya daki gwiwar ciyaman, ya tsaya nan yana tura ta, tayoyinsa suna juyawa a banza. Zuciyar Gwadabe ta yi baƙi ƙirin. Da safiyar nan abin nan ya ga tsohuwa ya tsaya mata da ladabi, yanzu ga shi yana tunkuyi kamar bunsuru. Ya ce a ransa shi ke nan, asiri ya tonu, yau har jikokinsa sai an kira su 'ya'yan bola.

Ciyaman ya bushe da dariya, ya shafa hular.

"Kun gani? Ba ya son rabuwa da mu! Ina wanda ya yi wannan?"

Aka turo Gwadabe gaba. Ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ba haka yake ba. Asalinsa yana da kai, yana gani, shi da kansa yake..."

"Madalla, madalla," in ji ciyaman, yana kallon mai hoto. Ya karɓi lasifika ya sanar cewa wannan ita ce ribar dimokuraɗiyya, wata nawa da hawansu har ga shi an fara ƙera mutum a mazaɓa. Ya ce a tafa wa Injiniya Gwadabe.

Injiniya, ba bola. Aka tafa. 'Yan teburin mai shayi, waɗanda suka raɗa masa Injiniyan Bola, su ne a gaba wajen tafi, wani har yana rantsuwa tun suna yara ya san Gwadabe zai yi nisa. Sule ya sanar cewa al'ummar mazaɓa sun ba ciyaman Gambo kyauta, a ajiye shi a ƙofar ofis yana tarbar baƙi. Ba wanda ya tambayi Gwadabe. Aka ɗaga Gambo aka jefa a bayan a-kori-kura, wani ɗan banga ya dafe hular kada iska ta ɗauke.

Gwadabe ya dawo gida ana yi masa barka a kowane lungu, shi kuwa kamar wanda ya dawo daga maƙabarta. A tsakar gida ya tarar da Inna Hajo a kan tabarma, ta jawo kan Gambo daga ƙarƙashin gado. Ta fincike wayoyin da 'yan ƙwayoyin ta zubar a murhu, ta wanke gwangwanin tas, ta jera goronta a ciki ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma.

"Ka ga yanzu ya yi amfani," ta ce. "Ramukan nan biyu iska na shiga, goro ba ya ruɓewa. Na ji an ce ciyaman ya yabe ka. Ka ga abin da albarka take yi ko?"

"Na gani, Inna."

Bai kai ga zama ba aka yi sallama. Sule ne a soro, kai ba hula, yana haki.

"Injiniya, kakarka ta yanke saƙa! Ciyaman ya ce kowane kansila sai an yi masa nasa, kafin gwamna ya zo zagaye. Har rumfa za a ba ka a cikin kasuwa, mai ƙofa da kwaɗo."

Gwadabe ya ce, "Masu kai? Zan iya yin su a rumfar, ba sai na kawo gida ba. Sule, in ka ga yadda yake tsayawa da kansa..."

"Ya tsaya da kansa? Wa ya aike shi? In ya ga dama ya tsaya a gaban wanda ba a so fa?" Sule ya dafa kafaɗarsa. "Kamar na yau sak. Igiyar dai ka ƙara mata tsawo. Hula mu za mu kawo."

Ya fita yana amsa gaisuwar mutane. Gwadabe ya daɗe yana kallon yatsunsa da dalma ta ƙone. Ladan ya fara gyaran murya a masallacin unguwa. Gwadabe ya leƙa cikin gida ya kira matarsa.

"Indo, ki gaya wa maƙwabta a riƙa tara mini gwangwanin madara. Manya kawai."

"Ƙananan fa, na kai?"

Ya ɗauki buta ya nufi ƙofa.

"Ki ba Inna."