Allurar Mai Jego

Ruwan banɗakin ya ƙi wucewa, ya taru har ya rufe wa Hajiya Barira idon sawu. Ta tsuguna tana tsaki, ta ɗaga murfin magudanar, ta zura hannu. Gashi ta zaci za ta ciro. Abin da ya biyo yatsunta wani abu ne mai kauri da santsi, ga ƙananan ƙasusuwan kaza a maƙale. Ta kai hanci, ta ji kanwa. Kununta ne, kunun kanwar da take tashi tun asuba ta dama wa 'yarta mai jego da geron da ta ɗauko daga Zariya, geron da ta bar zannuwanta a filin jirgi saboda shi lokacin da aka ce kayanta sun yi nauyi.

Ashe kwanon da ake dawo mata da shi fes kullum, tana ta sa albarka, nan yake ƙarewa. Ranta ya yi mummunan ɓaci. Daga ɗaki kuma kukan jikanta Haidar yake fitowa, siririn kuka mara ƙarfi kamar na 'yar mage.

Khaulah ce 'yarta ta fari, don haka tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Da a gida yarinyar ta haihu, gwaggonta ce za ta kula da jegonta, Barira sai dai ta leƙa daga bakin ƙofa. To amma a Kuala Lumpur ta haihu, can saman wani dogon bene a unguwar Bukit Jalil, inda mijinta Tajuddeen yake karatun digiri na uku, kuma mutum ɗaya aka samo wa biza. Dole uwa ta haɗiye kunya ta hau jirgi. Kunyar kuwa ba duka ta haɗiyu ba. Ba ta kallon jikin 'yarta sosai, surukin nata kuma ko ido ba sa haɗawa.

Ta shiga ɗakin da hannunta a buɗe. Khaulah na zaune a bakin gado, yaron na jan nono yana saki yana kuka.

"Ke, mene ne wannan?"

Khaulah ta kalli hannun, ta sunkuyar da kai. "Umma, ba ya shiga. Da na kai cokali biyu sai in ji kamar na cinye tukunya."

"Sai ki zubar ki yi mini ƙarya? Yaron nan me zai sha, iska?"

Khaulah ta sake kara yaron a nono.

"Ba mun yi allurarki ta wannan makon ba?"

"Mun yi."

"To ɗauko mayafinki. Asibiti za mu, su canza miki wata. Wannan ba ta karɓe ki ba."

Allurar nan Barira ce mai tsaronta. Washegarin suna Tajuddeen ya shigo da wani ƙaramin kwali, ya sa a firji, ya durƙusa yana kallon bango ya ce, "Hajiya, wannan ta ƙarin jini ce, duk Juma'a ake yi. A riƙa tuna mata." Barira ta ji daɗi har cikin ranta, ta ce ga yaro mai kula da iyali. Ba ta tambayi wane likita ya bayar ba, don ina ta taɓa ganin suruka tana tuhumar suruki? Ta kwashe dabino da daddawarta ta ware wa kwalin gurbi shi kaɗai. Duk Juma'a ita ce mai goge cikin da auduga, kanta a juye gefe. Ranar da Khaulah ta wuni tana amai ta ce a bar ta wannan makon, Barira ce ta yi mata tatas, ta ce raki ne.

* * *

Ƙaramin asibiti ne kusa da tashar jirgin ƙasa, sanyin cikinsa kamar na firji. Nas ta ɗora Haidar a kan ma'auni, ta duba katinsa, ta sake ɗora shi. Daga nan ba ta ƙara yi musu murmushi ba, ta kira likita.

Likitar 'yar Malesiya ce mai farin hijabi. Ta shafa maɗigar yaron da yatsa, nan Barira ta ga wurin ya lotsa. Wannan ba sai da Turanci ba. Ta raini 'ya'ya shida, ta san abin da lotsewar maɗiga take nufi, kuma ta ji haushin kanta da ba ta taɓa cire masa hula ta duba ba saboda tsoron sanyin gidan.

Likitar ta yi wa Khaulah tambayoyi. A cikinsu Barira ta tsinci kalmar magani da Turanci, ta kuma ji 'yarta ta ce "no". Wannan kam ta san ta. Ta buɗe jakarta, ta fito da filas ɗin da ta cika da ƙanƙara, ta zaro 'yar kwalbar allurar ta ajiye a kan tebur, har da ɗan alfaharin wadda ba ta sakaci.

Likitar ta ɗaga kwalbar tana juyawa. Babu sunan kamfani a jiki, sai wata 'yar takarda da aka manna aka rubuta kwanan wata da biro. Ta yi magana mai tsawo, a hankali, idonta a kan Khaulah.

"Me ta ce?" in ji Barira.

Khaulah na kallon ƙasa.

"Ke, da ke nake. Me ta ce?"

Babu wani mai jin Hausa a ɗakin, don haka da bakinta ta fassara. "Ta ce ba ta ƙarin jini ba ce. Ta rage ƙiba ce. Ta ce ba ta san wanda ya haɗa ta ba, ba ta san ƙarfinta ba, mai yiwuwa abin da nake yi ya ninka abin da ya kamata. Ta ce ba a ba mai shayarwa. Jikina ya bushe, nonon ya ɗauke. Za a tura mu babban asibiti, a kwantar da Haidar."

Barira ta kalli hannunta na dama, wanda yake riƙe auduga duk Juma'a.

"Kin sani?"

"Na sani, Umma."

* * *

Sai da aka samu jijiya a ɗan hannun Haidar, aka ɗaura masa ruwa ya yi barci, sannan sauran zancen ya fito. Ranar suna aka yi hotuna, Tajuddeen ya tura wa abokansa, wani ya tambaya cikin wasa ko yayarsa ce ta zo daga gida. Shi ke nan. Tun daga ranar ya sa mata suna Buhu, yana faɗa yana dariya, in ta ɓata rai ya ce ba ta san wasa ba. Bikin kammala karatunsa na tafe, za a yi hotunan da za su zaga dangi, ya ce ba zai tsaya kusa da ita a haka ba. Allurar ta gaske sai da takardar likita, inshorar ɗalibai ba ta biya, kuma babu likitan da zai rubuta wa mai jego. Amma akwai wata mata a benen da ke kallon nasu, 'yar gida Nijeriya, da take sayo garin maganin ta haɗa da kanta a kicin, da araha. Rabin matan da suke haɗuwa karatun Asabar allurarta suke yi.

Barira ta saurara har ƙarshe. Ta so ta mari yarinyar, ta so ta rungume ta, ba ta yi ko ɗaya ba. Sai a ranar ta kalle ta da kyau, ta ga ƙasusuwan wuya sun fito, leɓe ya tsage, idanu sun faɗa. Wata guda suna kwana ɗaki ɗaya, kunya ta hana ta ganin wannan.

Bayan la'asar Tajuddeen ya iso, katin makaranta na lilo a wuyansa, da ledar abincin da ya sayo a hanya. Ya hango Barira a baranda ya durƙusa daga nesa, yadda ya saba.

"Hajiya, ya mai jiki?"

Ba ta juya gefe ba. Ta taka har gabansa, ta kalle shi cikin ido.

"Tajuddeen."

Ya ɗago a firgice. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Ka sa ni na yi wa 'yata allurar yunwa da hannuna. Ka durƙusa a gabana ka ce mini ƙarin jini."

"Hajiya, wallahi ba haka ba ne. Same thing ne da original ɗin, compounded ne kawai, wato haɗin hannu. Na karanta research a kai, ba ya shiga nono."

"Ina nonon da zai shiga? Ka ga nono a can?"

"Ai don lafiyarta ne. Ƙiba ma ciwo ce, kuma ita ma ta yarda, ban tilasta..."

"Ta yarda, tun da kullum kana ce mata buhu. Buhun nan ɗanka ya ɗauko maka. Wata tara tana ɗauke da shi kana ta murna, ko arba'in ba ta yi ba ka ce jikin ya ɓata maka hoto. Ka je ka cire masa hula ka taɓa kansa. In ka gama sai ka zo ka karanta mini abin da ka karanta."

Wasu masu jinya 'yan Caina suka rage tafiya suna kallonsu. Tajuddeen ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Hajiya, don Allah, mutane na kallo."

Nan ne ta tabbatar ba ta da sauran abin faɗa masa. Ta juya ta koma ciki, ta bar shi durƙushe da ledarsa.

* * *

Haidar ya tashi. An sallame su da gwangwanin madara da kwalbar shayarwa, aka ce a riƙa gwada masa nono ko zai dawo. Barira ta jefa kwalin allurar a shara da hannunta. Khaulah ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, tana tura shi kamar magani, amma ƙirjin ya yi shiru.

Ranar Asabar matan karatu suka zo dubiya, falo ya cika da turare da surutu. Suka yi wa yaro addu'a, suka ajiye lemo da ayaba. Daga nan idanu suka koma kan mai jego.

"Ma sha Allah, Khaulah, kamar ba ki haihu ba," in ji Sharifa, wata mai tsohon ciki da ta zauna da ƙyar a kan kujera. "Ji wuyanki. Ni fa wallahi har tsoron madubi nake."

Sauran suka yi dariya. Barira na kicin tana auna madara, tana jin komai. Ta ji lokacin da Sharifa ta matsa ta rage murya.

"In kin samu sarari ki turo mini lambar matar nan. Ba yanzu ba, sai na sauka. Abban Adnan ne ya ce in tambaye ki."

Barira ta fito riƙe da kwalbar, ta tsaya a bakin ƙofa tana girgiza ta. Haidar ya farka a cinyar uwarsa yana neman abinci. Khaulah ta ɗago shi. Ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, ta kara shi a ƙirjinta, tana shafa masa kai tana lallashi. Yaron ya kai baki sau ɗaya, ya saki. Ya ji motsin madara a cikin kwalba, sai ya juya fuskarsa daga jikin uwarsa, ya buɗe baki yana bin hannun kakarsa da ido.

Khaulah ta gyara rigarta a hankali, ta miƙa shi.