Mai Tsaki Ya Bugo Waya

Wayar cikin talabijin ta yi ƙara, Iya ta ja kujerarta gaba har gwiwarta ta taɓa tebur.

“Shi ne,” ta ce. “Tsayar da keken nan, 'yar nan, shi ne.”

Mai Ɗinki ta ɗage ƙafa daga kan keke, allura ta tsaya cak a bakin wani siket. A cikin akwatin talabijin, 'yar wasan da duk duniya ta sani a matsayin matar mijinta a shirin barkwancin nan ta kafa waya a kunne, ta ware murya.

“Maigida, yaushe za ka dawo? Rufin ɗakinmu yoyo yake yi!”

“To, madalla,” in ji muryar.

Daga nan sai dogon tsakin nan da ya sa aka manta sunansa na yanka, kowa sai Mai Tsaki. Dariya ta ɓarke, irin wadda masu shirin suke naɗewa su ajiye, su riƙa buɗe ta kamar famfo.

Mai Ɗinki ta ciji leɓe. A ce maka ɗaki na yoyo ka ce madalla! Ta san daga inda suka yanko wannan madalla, daga wani tsohon shiri ne da aka yi masa albishir an haifi ɗan akuya. Watanni ke nan da aka kai mijinta makwancinsa, amma masu shirin sun ƙi yarda ya mutu. Sai suka ce wai ya tafi neman aiki wata ƙasa, kuma duk ranar Alhamis yana bugo wa iyalinsa na cikin akwati waya. Mutum yana raye an tatse shi, ya mutu ma an bi shi da ƙwarya.

“Kin ji ko?” Iya ta juyo, idonta ya kawo ruwa. “Su yana kiransu. Ni da na haife shi ko gaisuwa babu.”

Tsufa ya riga ya cinye wa Iya jiya da shekaranjiya. Da farko Mai Ɗinki takan zaunar da ita ta faɗa mata gaskiya, tsohuwar ta yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar, washegari ta tashi ta manta, ta tambayi ko ya karya kumallo. Da ta ga kullum ita ke kashe wa tsohuwa ɗa da bakinta, sai ta daina.

“Hidima ce ta yi masa yawa, Iya,” ta ce, ta taka keken da ƙarfin da ya tsinka zare.

* * *

Ba ta da abin faɗa da matar cikin akwati, baiwar Allah abincinta take nema. Abin da ke ƙona mata rai mutane ne. Ranar rasuwa gidan waccan aka fi cika, har layi aka yi ana ba ta haƙuri, ita kuwa nan tana neman wanda zai aro mata kujeru. Yanzu kuma masu kawo ɗinki ne. Mace za ta miƙo yadi, tana auna ta, sai ta ji an ce, “Ni kam Anti, tunda ke ta gida ce, yaushe zai dawo daga tafiyar?” Kuma wannan bakin ne ya yi mata ta'aziyya.

Ana cikin haka Darakta, mai shirya wasan, ya zo da kansa, da ledar lemo a hannu da zuma a baki. Ya durƙusa ya gaida Iya kamar ɗan kirki.

“Kai ne mai gidansa?” Iya ta riƙe masa hannun riga. “Ka ce masa uwarsa tana nan da rai.”

“Zan faɗa masa, Iya, yau ɗin nan.”

Ko idonsa bai ƙifta ba. Mai Ɗinki ta nuna masa ƙofar baranda da almakashi, suka fita.

“Anti, ba zan ɓoye miki ba, mun shiga wani hali,” ya ce. “Muryar ta ƙare. Mun yanka, mun haɗa, mun juya, har masu kallo sun fara ganewa. Jiya wani ya tare ni a gidan mai, wai shi Mai Tsaki bai san wata magana ba sai madalla?”

“To ku binne shi mana. Mu ai mun binne.”

“Haba Anti! Mutum nawa ke cin abinci a shirin nan? Masu talla sun ce ranar da ya mutu, ranar za su kwashe kayansu.” Ya rage murya. “Na san marigayi ba ya son rubutu a waya, komai sai dai ya naɗi murya ya tura. Ke kuwa na san kina da su jibgi. Ba duka muke so ba. Ko irin su ‘kin dafa?’ da ‘ina makullina?’ sun ishe mu.”

Ta dube shi tun daga takalmi har gilashin da ya ɗora a goshi.

“Ka ga kwandon can? Ƙyallaye ne, ragowar yadin mutane. In kana so ka ɗiba kyauta. Muryar mijina ba ta cikin kwandon.”

“Raya sunansa muke yi.”

“Sunansa? Faɗa min sunan nasa.”

Darakta ya buɗe baki, ya yi ɗan jim, ya lalubo shi da ƙyar. Ta mayar masa da ledar lemonsa ta rufe ƙofa.

Gaskiya ya faɗa, tana da su. Surutu ne na miji da mata, na cefane, na makulli, na faɗan da ba ya kwana. Guda ɗaya ce ba ta iya saurara sai ta kulle ɗaki, ta ƙarshen, wadda ya turo daga gadon asibiti da yammacin da ta dawo gida yin wanka bayan sun ɗan yi cacar baki a kan shan magani. Ita ce abu ɗaya nasa da duniya ba ta taɓa ji ba.

* * *

Sati bai zagayo ba Iya ta yi yaji da abinci. Ta juya wa kwano baya, ta ce ba za ta sa komai a bakinta ba sai ɗan da ta goya ya tuna da ita. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, tsohuwa ta kafe. Kwana biyu sai ruwa, shi ma da kurɓi.

Mai Ɗinki ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu, haushi ya cika ta har wuya, na Iya da na Darakta da na shi kansa marigayin da ya tafi ya bar ta da wannan aiki. Ta ajiye kwanon, ta ciro waya, ta zaɓi wata tsohuwar murya, ta kara wa Iya a kunne.

“Ina hanya, cunkoso ne ya riƙe ni. Ku ci abincinku kar ku jira ni. A gaida min Iya.”

Fuskar tsohuwar ta washe. “Ɗan banza, sai yau?” ta ce wa wayar. “To ina amsawa. Ka rage yawo.” Ta jawo kwano ta cinye tas, har da neman ƙari.

Auta, ƙanin marigayi, yana zaune a hannun kujera yana kallo. Shekara da shekaru yana bin yayansa wurin ɗaukar shiri da jaka a kafaɗa, yana jiran ranar da za a ce ya shiga gaban kyamara, ranar ba ta zo ba.

“Kai, Yaya, wannan dabara ta yi,” ya ce. “Ki turo min su mana. Ranar da kika tafi sayen zare ta tayar da rigima, sai in kunna mata.”

Ta dubi wayar. Tukunya na kan wuta, mai siket na hanya, kanta na sarawa. Ta miƙa masa wayar.

“Ka ɗauki masu gaisuwar Iya kaɗai.”

“Haba Yaya, sai kin faɗa?”

* * *

Alhamis ɗin da ta biyo bayan ta gaba, Iya ta ja kujera tun kafin a gama talla. Mai Ɗinki tana kafa maɓalli, ba ta ko ɗaga kai ba, sai da ta ji tsohuwar ta ce, “La! Ga Auta a akwati.”

Shi ne kuwa. An sa masa tsohuwar hular yayansa ta cikin shiri, ta faɗo masa har kunne, wai shi sabon maƙwabci ne da ya shigo da waya a hannu. Maɓallin ya suɓuce mata ya gangara ƙarƙashin keke. Da ɗan gari akan ci gari, ita kuma da hannunta ta ba shi makulli.

Matar cikin akwati ta karɓi wayar, ta riƙe ƙugu. “Sai yanzu ka ga dama? Ina ka shiga?”

Muryar da ta fito ba ta madalla ba ce. A dushe take, tana hutawa tsakanin kalma da kalma.

“Ki yi haƙuri, na sake ɓata miki rai.”

Aka buɗe famfon dariya.

“Na sha maganin, wallahi na sha. Kar ki taso yanzu, ki huta, kin gaji da ni.”

“Na gaji kam!” in ji matar, ta juyo tana hararar masu kallo. Dariya ta ƙaru, har da tafi.

“Gobe in za ki zo, ki taho min da matashina. Na nan wurin kamar dutse.”

Sai ya yi ƙoƙarin jan tsakin nan don ya ba ta dariya, numfashi bai kai ba, ya tsinke a tsakiya ya koma tari. A nan suka sa dariya mafi tsawo.

Goben da ya ce bai kai ta ba. Da matashin a hammata ta isa asibitin, ta tarar an riga an naɗe katifar.

Ba ta san lokacin da ta fizge wayar talabijin daga bango ba. Ta kira Auta, ya ƙi ɗauka. Ta kira Darakta, ya ɗauka da fara'a.

“Anti! Kin gani? Waya sai shigowa take yi, kowa na cewa Mai Tsaki ya dawo da ƙarfinsa. Wannan tarin kaɗai...”

Ta kashe. Zagin da ta tanada ya yi yawa, ta rasa da wanne za ta fara.

Ta shiga ɗaki ta kulle, ta zauna a bakin gado, ta lalubo saƙon. So take ta ji shi yadda yake, nata ita kaɗai. “Ki yi haƙuri, na sake ɓata miki rai,” in ji shi, ya tsaya jan numfashi. A cikin ɗan shirun nan, inda da takan ji ƙarar fankar asibiti, sai kunnenta ya kawo mata dariyar. Ta mayar baya ta sake kunnawa. Dariyar tana nan, a daidai wurin. Ta kife wayar a kan gado.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.

“'Yar nan, buɗe. Ba ki ji abin da ya ce ba?”

Ta buɗe. Iya ta wuce ta da ɗingishinta, ta miƙa hannu can kan gado, ɓangaren da ba wanda ya kwanta tun ranar, ta ɗauko matashin ta kakkaɓe shi.

“Waccan matar ba kai masa za ta yi ba, dariya ma take yi masa. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya iya barci a matashin wani.”

Ta yafa mayafinta a karkace, ta sa takalmi, ta ja kujera zuwa bakin ƙofar falo ta zauna, matashin a kan cinyarta, ta dafe shi da hannu biyu.

“Ki kira Auta,” ta ce. “Shi ya san inda yake.”