Gurbin Baba a Allon Anti Kibiya

A ofishin jin daɗin jama'a da take aiki ba mai kiranta da sunan yanka. Anti Kibiya kawai ake cewa, don ko tsintsiya aka ce a saya wa ofis sai ta miƙe ta zana gurabe huɗu a farin allo, ta haɗa su da kibiyoyi. Gurbin farko na abin da ke hannu ne, na biyu abin da za a yi da shi, na uku abin da za a nuna an yi. Na ƙarshe shi ne canjin da zai samu rayuwar mutum. "In kibiyarka ba ta kai gurbin ƙarshe ba," in ji ta, "man mota kawai ka ƙona." Ana yi mata dariya, amma kowa ya san shirin da ta zana ba ya faɗuwa.

Sai ga shi abin ya biyo ta gida.

Tun da mahaifiyarsu ta rasu, Baba ya rufe shagonsa na gyaran keken ɗinki ya shige ɗaki. Mutumin da in ya fito siyan allura sai ya gaisa da layi kaf, yanzu ko bakin ƙofa ba ya leƙawa. Keken marigayiya na nan a kusurwar ɗakin lulluɓe da zane, ba wanda ya isa ya taɓa. Baba ya rame har rigarsa ta yi masa yawa.

"Ƙarshen wata zan zo in ɗauke shi," in ji Yaya, babban wansu. "Ba zan zuba ido tsoho ya ƙare a ɗaki ba."

Gidan Yaya na can nesa, bene ne mai ƙaton get, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Ta san in aka cire Baba daga layin nan, an gama da shi.

"Haba Yaya, ka ba ni dama mana. Aikina ne fa."

"Aikinki zane. To, ki zana. Ni dai na faɗa."

Ta kuwa zana, a jikin kwali, ta manna a bayan ƙofar falo. A gurbin farko ta sa 'ya'ya da motar Yaya da waya da likita. A na biyu ziyara, abinci, magani, kiran safe da yamma. A na ƙarshe ta rubuta da manyan baƙaƙe: Baba ya koma fita, yana ci, yana hira.

Wallahi an yi aiki! Abinci ya yi ta zuwa har firji ya ƙi rufuwa. Waya ba ta hutawa. Gurbi na uku ya cika maƙil da alamar an yi, an yi, an yi. Baba kuma sai ya ce, "Na gode, Allah ya yi muku albarka," ya juya ya fuskanci bango. Kibiyar ƙarshe ta tsaya cak, kuma abin ya dame ta har barci ya fara ƙaurace mata.

Wata ranar hutu Baba na neman hularsa ya ci karo da kwalin. Ya ɗora tabarau a karan hanci.

"Uwata," haka yake kiranta tun tana goye, "wannan kuma taswirar ina ce?"

"Shirinka ne, Baba."

"Iye? To ni ina nake?"

Ta nuna masa gurbin ƙarshe.

"Can ƙurya? Duk kiban nan ni suka nufa? Me na yi muku da zafi haka?"

Ya ɗan yi dariya, irin wadda ba a ji ba tun rasuwa, ya koma ɗaki. Ita ma ta dara, amma maganar ta zauna mata a ƙirji.

Washegari a ofis suna tsara shirin koya wa matan da suka rasa mazajensu ɗinki. An ba su kyautar kekuna, sai dai yawancinsu matattu ne, mai gyara kuma babu. Wani abokin aikinta ya cika gurbin farko da kekuna da ɗaki da zare, ya tattara matan ya jibge a gurbin ƙarshe.

"A'a, Malam, dakata," in ji ta, ta karɓe alƙalamin. "Sau nawa zan faɗa? Su matan ba su iya komai ba ne? Mutum ma abin hannu ne, ka sa shi a farko."

Hannunta ya tsaya a sama. Ta ji maganar da ta fito daga bakinta, kunya ta rufe ta, sai kuma wani daɗi ya biyo baya. Lallai Anti Kibiya, kin yi abin kai!

Da la'asar ta sa aka ɗora mata keke ɗaya a tasi, ta dire shi a tsakiyar ɗakin Baba.

"Baba, yau ni na zo neman taimako. Mata na jira, ba mu da mai gyara."

"Na rufe wannan babin, Uwata. Hannuna rawa yake."

"To, bari in dafa maka shayi."

Ta shige kicin ta yi tsit, ko ashana ba ta ƙyasta ba. Shiru. Can sai ta ji an juya tayar keken, ƙiiit, an sake juyawa. Sannan murya ta tashi har tukwane suka amsa.

"Wane marar imani ne ya ɗura wa keke man girki? Uwata! Miƙo min akwatin aikina a ƙarƙashin gado!"

Ta tsaya jikin firji tana kuka tana dariya.

Ranar da Yaya ya iso da mota, ya tarar da ɗaki wayam. Hankali tashe ya kira ta. "Ke, ina Baba?"

"Taho ofis," kawai ta ce.

Ya sami Baba a tsakiyar mata, hannun riga a naɗe, yatsu duk baƙin mai, yana yi wa wata faɗa kan yadda take zura zare. A kan tebur kuwa ga keken mahaifiyarsu, an yaye zanen an ninke a gefe. Da safen nan Baba ya sa aka ɗauko shi, bai faɗa wa kowa ba.

Baba ya ɗago ya dubi farin allon, ya ga sunansa a gurbin farko.

"Uwata, ɗauko alƙalamin nan naki." Ya dafa keken a hankali. "Rubuta uwarku ma a nan, kusa da ni. Ba ta son zaman banza."

Yaya ya dubi allon, ya dubi keken. Sannan ya sa makullin mota a aljihu, ya jawo kujera.

"Baba, me zan riƙe maka?"