Mashi a Lungun Ƙyarana

Ɗana Gregory ya dawo daga yaƙi da hannu ɗaya. Shekara biyu yana ɗaki, ba coci, ba kasuwa. Wasa ne ya fito da shi. Wani Baturen reluwe ya bar akwatin sojojin dalma da littafin dokokinsu, suka faɗa hannun Sambo, mai ɗaga wa jirgi tuta a tashar Kafanchan. Kowace Asabar su biyu sukan jera sojojin a tebur, su jefa ƙwayar lido, wai yaƙi suke yi. Ni ban ga amfaninsa ba. Amma tunda yaron yana fita, na ƙyale su.

Sai ya yi Asabar uku bai je ba. Ya koma ɗaki, ya rufe ƙofa.

Sambo ya zo da hantsi, littafi a hammata. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, ka raba mu. Littafi ya ce mai mashi ke fara suka, don makaminsa ya fi tsawo. Masu mashin ɗanka sun shiga lungu tsakanin shinge biyu, masu takobina suka biyo su ta baya. Wai duk da haka shi zai fara."

Gregory ya ɗaga murya daga ɗaki: "Doka doka ce! Karanta masa, mai tuta!"

"Na karanta, Kofur. Babu lungu a ciki."

Aji biyu na yi a mishan, Turanci ba nawa ba ne. Amma na yi farauta shekara arba'in. Na ce, "Ba na yi wa ƙofa shari'a. Wanda ake ƙara ya fito."

Ya daɗe. Ya fito.

Na kai su bayan gida, inda hanya ta matse tsakanin shingen ƙyarana mai ƙaya da kakanninmu suka dasa saboda mahara. Na ba Gregory gora mai tsawon mashi, na ba Sambo karan dawa.

"Shiga. Sambo zai biyo ka. Juya ka soke shi."

Ya juya, gora ta maƙale a ƙaya. Sambo ya taɓa masa wuya da kara.

Gregory ya jefar da gorar. "Don hannuna ɗaya ne."

Na ɗauke ta da hannu biyu, na shiga lungun. Sambo ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, ni in buge ka?"

"Buga, na ce."

Na juya da duk ƙarfina. Gora ta maƙale, hulata ta faɗi, kara ya sauka a kafaɗata. Tun da na yi gemu ba wanda ya taɓa ni da sanda. Gregory ya yi dariya har ya dafa Sambo.

Na ce, "Ta baya, takobi ke farawa. Sambo ya fi ka gaskiya."

Gregory ya ɗauki gorar, ya tsaya a bakin lungu, ya miƙa ta gaba. "To ta gaba fa? Mai mashi ɗaya ya tare goma a nan. A rubuta wannan ma."

Na ce, "A rubuta."

"Mai tuta, ka mutu yau."

"Yau Talata ce, Kofur. Jirgin Jos na tafe."

"Sai in jira ka a tasha."

Suka kama hanya suna musu. Na ɗauki hulata na kakkaɓe.