Ƙugiyar da Ta Hau Kan Manaja

Shekara goma sha tara Jan Biro ya yi yana gyaran rubutu a kamfaninsu, kuma abin da ya jawo masa takardar tuhuma bai kai girman ƙafar sauro ba.

An buga kalandar sabuwar shekara, kwafi dubu biyu, da hoton Manaja yana murmushin da ba a taɓa gani a ofis ba. A ƙasan hoton ya kamata a karanta: "Manajanmu mai kare ma'aikata." Sai ga ƙugiya ta hau kan harafin k, aka wayi gari Manaja ya zama "mai ƙare ma'aikata." Tun da aka kafa kamfanin ba a taɓa wawashe kalanda irin wannan ba. Har masinja ya ɗauki uku.

Manaja ya kira Jan Biro, ya ba shi zaɓi: ko ya amsa zagon ƙasa ya yi, a kore shi, ko ya amsa ya makance, a yi masa ritaya. Ya ba shi zuwa ƙarfe biyu.

Yana zaune yana auna wace korar ta fi mutunci, sai ƙanwar matarsa ta shigo. Ita ce mai kula da kwamfutocin kamfanin, kowa na ce mata Injiniya.

"Mijin Yaya, an ce ka zama gwarzo. Yaushe ka yi zuciya ban sani ba?"

"Ke, raba ni. Wallahi ban ga ƙugiyar nan ba. Wato na gan ta, amma ai duka suna da ita."

"Su wa?"

Ya juya mata allon kwamfutarsa. Kowane harafi na tafe da inuwarsa a gefe, kamar mai goyo. K da ƙ ba bambanci, d da ɗ uwa ɗaya uba ɗaya.

"Tun yaushe yake haka?"

"Shekara shida. Na zaci idona ne. Tabarau uku na canza."

"To da me kake gyaran?"

"Da kyakkyawan zato."

Injiniya ta leƙa bayan allon, ta yi salati. Wata waya ce mai kauri, mai shuɗin kai da ƙusoshin murɗawa biyu, ƙafar tebur ta danne ta har ta yi ƙusumbi. Ta kwance ta, ta ƙirga alluran bakinta: goma sha biyar, biyu sun kwanta.

Ƙarfe biyu suka shiga wurin Manaja, Jan Biro rungume da allo, ita da wayoyi biyu.

"Ranka ya daɗe, wannan shuɗiyar analog ce," in ji ta. "Ɗan aike ne mai surutu. Ka ba shi saƙo, kafin ya isa ya ƙara gishiri. Wannan siririyar kuwa dijital ce, HDMI. Lambobi take kaiwa. Ko ta kai saƙo yadda aka ba ta, ko ta ƙi zuwa."

Manaja ya juya siririyar da ƙyama. "Ba ta da ko ƙusa. Abin da ba a ɗaure ba, ta ina za a amince da shi?"

Ta haɗa shuɗiyar: duk haruffa da ƙugiya. Ta haɗa siririyar: rubutu ya fito tas, ƙugiya ɗaya tak, zaune daram a kan "ƙare."

"To ai ga ta nan!" Manaja ya buga tebur. "Ba inuwa ba ce. Wani ne ya buga ta da yatsansa!"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Jan Biro dai bai iya ganinta ba. Amma kwamfuta na ajiye sunan wanda ya rubuta takarda. In duba?"

Kowa a kamfanin ya san wanda ke rubuta kalaman yabon Manaja, domin an daɗe ana neman mai sa kai ba a samu ba, Manaja ya ɗauki nauyin da kansa.

"Ba sai kin duba ba," in ji Manaja. "Bincike ya kammala. Wayar ce."

Aka janye takardar tuhuma. Sanarwa ta fito cewa an sallami wata waya daga aiki saboda sakaci, kuma duk mai kalanda ya dawo da ita. Guda huɗu suka dawo, duka daga ofishin Manaja.

Jan Biro ya koma kujerarsa, sai dai masu gaishe shi da jinjina tun safe sun janye hannu, tunda ta tabbata ba jarumta ba ce.

Da za su tashi, Injiniya ta zo ɗaukar shuɗiyar ta kai shara, ta tarar ya naɗe ta ya sa a aljihun tebur.

"Mijin Yaya, me za ka yi da gawa?"

"Bar ta nan," ya ce, yana murɗa makulli. "Baɗi ma akwai kalanda."